Takarda a hannun ɗan ƙasa, aiki a hannun baƙo

Tun da aka kafa Jami'ar Yamai a 1971, ta yi kusan shekara arba'in ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a Nijar. Ta yaye malamai, likitoci da ma'aikatan ofis, amma masu auna hanya, ɗora inji da jan layin lantarki sun yi ƙaranci. Makarantar EMIG, wadda ta fara horar da injiniyoyi a 1990, ba ta iya ƙosar da ƙasa ita kaɗai.

Don toshe wannan giɓi hukuma ta buɗe makarantun fasaha uku, IUT, a 2008. Maraɗi ta ɗauki gine-gine, lantarki da kanikanci. Tawa lissafin kuɗi da tafiyar da kamfani. Damagaram tsarin birane da sufuri. Mai takardar bak yakan yi shekara biyu, ya fito da difloma ta DUT. A 2010 biranen uku suka samu jami'o'insu, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi.

Bukata kuwa ba ta jira ba. Matatar SORAZ, mai tace ganga 20.000 a rana, ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011. A 2024 man Agadem ya fara fita waje ta bututu mai kusan kilomita 2.000 zuwa gaɓar tekun Benin. A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'an kamfanonin mai uku ƴan Sin, a kan bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Sai dai umurni ba ya koya wa hannu aiki: kujerar baƙo ba ta komawa ga ɗan gida sai ya iya abin da baƙon ya iya.

Nan ne gizo ke saƙa. Ajin shari'a na iya tafiya da allo da malami. Ajin kanikanci sai da injuna, kayan gwaji, wuta marar yankewa da malamin da ya taɓa aiki a masana'anta. Idan kasafin kuɗi ya tsaya ga gini da kuɗin tallafin ɗalibai, sai a yaye mai takarda wanda bai taɓa kwance inji ba.

Ƴan kasuwa ma suna da nasu kaso. Mai motocin sufuri, mai injin tatsar man gyaɗa ko ɗan kwangilar da ya karɓi ɗalibi ya koyi aiki na wata biyu, kansa ya yi wa tanadi: ran da injinsa ya tsaya, ba sai ya aika Kano neman mai gyara ba.