Idan Ƙafar Tsuntsun Keji Ta Shanye Farat Ɗaya

Da yawa daga cikinmu muna ajiye ƙananan tsuntsaye a keji: kanari saboda daɗin kukansa, ko danginsa masu cin tsaba irin su ɗan tsuntsun nan zebra mai jan baki, wanda asalinsa daga Ostareliya yake. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi tayar wa mai kiwonsu hankali shi ne a kwanta tsuntsu lafiya lau, a wayi gari a same shi a ƙasan keji, ya kasa hawa sandarsa. Yana jan jiki da fukafukai, yatsunsa sun dunƙule ko sun saki, ƙafa ɗaya ko duka biyun ba sa ɗaukarsa. Nan take sai a ce sanyi ne ya kama shi, ko kuma ya gurɗe, a shiga murza ƙafar ana shafa mata mai. Ƙauna ce ke sa mu haka, amma sau da yawa ciwon ba a ƙafar yake ba, kuma murzar na iya ƙara ɓarna.

Shanyewar ƙafa alama ce ta wata matsala, wadda galibi tana can cikin jiki. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa ƙafafun tsuntsu suna ratsawa ne ta cikin ƙodarsa, a wani matsattsen wuri ƙarƙashin ƙashin baya, kusa da hanyar da ƙwai ke bi. Duk abin da ya kumbura a wannan wurin zai danne jijiyar, ƙafa ta daina jin umarni alhali ƙashinta lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa tambayar farko da likitan dabbobi zai yi ita ce: mace ce ko namiji?

Idan mace ce, babban abin zargi shi ne ƙwai ya maƙale. Macen zebra nauyinta bai fi gram 12 zuwa 15 ba, ƙwanta kuwa kusan gram 1 ne, kuma takan yi huɗu zuwa shida a jere, ɗaya kowace rana. Wato cikin kwana biyar tana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinta. Ɓawon kowane ƙwai da kalsiyam ake gina shi, sinadarin nan da ke ƙarfafa ƙashi, kuma idan babu isasshe a abinci jikinta daga ƙashinta yake ɗiba. Tsokar da ke turo ƙwai ma da kalsiyam take aiki. Idan ya ƙare, ɓawon ya zo da laushi, tsokar ta kasa naƙuda, ƙwan ya tsaya a hanya yana danne jijiyoyi da hanyoyin jini. Za a ga ta zauna a ƙasa ƙafafu a ware, gashi a tashe, wutsiya na sama da ƙasa tare da numfashi, ƙasan cikinta ya tasa, kashi ya ragu ko ya ɗauke. Ƙaramar tsuntsuwa a wannan hali na iya mutuwa cikin sa'o'i. A kuma sani cewa mace tana yin ƙwai ko babu namiji a kejin, don haka zamanta ita kaɗai bai kore wannan zargi ba. A jinsin zebra, namiji yana da tabo ruwan lemo a kumatu, macen ba ta da shi.

Masu kiwon kanari sun fi ajiye namiji domin shi ne mai rera kuka, amma shi ma ƙarancin kalsiyam bai bar shi ba. A nan ne nake ganin mun fi yin sakaci ba da saninmu ba. Tsuntsu yana cin gero da acca kullum, ƙoƙon abincinsa a cike, sai mu ɗauka ya ƙoshi. Tsaba zalla tana da ƙarancin kalsiyam da bitamin A, kuma ba ta ba shi bitamin D3, wanda sai da shi hanji ke iya tsotsar kalsiyam ɗin. Wannan bitamin hasken rana ne ke sa jiki ya haɗa shi, kuma gilashin taga yana tare irin hasken da ake buƙata. Tsuntsun da ya shekara a cikin ɗaki a kan gero kawai, ƙashinsa na yin rauni a hankali, har ranar da ƙafa za ta kasa. Mu a wurinmu farat ɗaya abin ya zo, shi kuwa watanni ya yi yana tafe.

Akwai kuma rauni na zahiri. Kyanwa ko ɓera ya leƙo cikin dare, tsuntsu ya firgita ya yi ta bugun keji a cikin duhu, ƙafa ta shiga tsakanin wayoyi ta karye, ko bayansa ya bugu. Wani abin da ido ke tsallakewa shi ne zare. Silin zaren tsumma, ko auduga da aka sa masa don sheƙa, ko gashin mutum, yakan naɗe ɗan yatsa ya shige cikin fata, ya tsayar da jini har yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Zoben da wasu masu kiwo ke sa wa ƙafa ma yakan matse idan ƙafar ta kumbura ko ɓawonta ya yi kauri.

Sai guba, wadda ta cancanci a tsaya a kanta domin yanayin gidajenmu. Tsuntsu yana da jakunkunan iska a jikinsa bayan huhu, abin da ke sa ya zuƙi gurɓatacciyar iska da sauri fiye da mu. Wannan ne ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari domin ya nuna musu iskar guba kafin ta kama su, har zuwa 1986 da aka daina. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi na sauro da kyankyasai jijiyoyi suke kamawa, kuma abin da mutum zai shaƙa ya yi atishawa kawai na iya sa tsuntsu rawar jiki da shanyewar ƙafa. Haka kejin da aka ƙera da waya mai rufin tutiya, ko aka shafa masa tsohon fenti mai dalma: tsuntsu na tsattsagar wayar yana haɗiyar ƙarfen kaɗan-kaɗan. Kumburin ƙoda ko ƙari a jikinta shi ma yana kawo shanyewar ƙafa, galibi a tsuntsun da ya manyanta, kuma yakan fara da ƙafa ɗaya.

Dalilin da ya sa ba a jira a ga abin da gobe za ta yi shi ne ƙanƙantar jikin. Zafin jikin waɗannan tsuntsaye yana kaiwa digiri 40 zuwa 42, kuma suna ƙona abinci da sauri don su riƙe shi. Wanda ya yini ya kwana bai ci ba yana cikin haɗari. Tsuntsun da ya kasa tsayuwa ba zai kai ga ƙoƙon abinci da ke rataye a sama ba, don haka yunwa da sanyi kan kashe shi tun kafin ainihin ciwon ya yi. Ga shi kuma ɗabi'ar tsuntsu ce ɓoye rashin lafiya don kada maharbinsa ya gane. Kafin mu gan shi a ƙasa, ya riga ya jigata.

Abin yi na farko shi ne a raba shi da sauran, a sa shi a ƙaramin keji ko kwali mai hujojin iska. A cire sandunan tsayuwa. A shimfiɗa takardar goge hannu ko tsumma mai santsi wanda ba ya sakin zare, a naɗe wani ɗan tsumman kamar gammo a zaunar da shi a tsakiya don ƙirjinsa ya sami madogara. A watsa tsabar da ya saba da ita a gabansa, inda bakinsa zai kai ba tare da ya motsa ba, a ƙara da ɗan dafaffen ƙwai da aka murmushe. Ruwan sha a sa shi a murfin kwalba marar zurfi, domin tsuntsun da ba ya iya tashi yana iya nitsewa a ruwan da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ɗumi magani ne a wannan mataki. Ana so wurin ya kai digiri 29 zuwa 32. A lokacin hunturu, a cika gorar roba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a jingina ta a gefe ɗaya na kwalin, a bar ɗaya gefen yadda zai iya matsawa idan zafi ya yi masa yawa. Da bazara ɗakin kansa ya isa. Idan ya buɗe baki yana haki, ya ware fukafukai daga jiki, zafin ya wuce misali. Kada a kawo kaskon gawayi kusa da shi, hayaƙin kaɗai ya isa ya kashe shi. A rufe gefe uku na kejin, a ajiye shi inda babu hayaniya, a kuma roƙi yara su haƙura da leƙe.

Idan za a duba ƙafar, a yi sau ɗaya, cikin haske, a taƙaice. A ɗora bayansa a tafin hannu, wuyansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ba tare da an matse ƙirji ba, domin da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi. A dubi kowane yatsa ko akwai zare, a dubi kumburi, jini, ko ƙafar da ke lilo. Idan zaren a fili yake, a ɗaga shi da bakin allura a yanke a hankali; idan ya nitse cikin nama, aikin likita ne. Kada a matsa cikin mace don a fito da ƙwai, domin idan ya fashe a ciki yakan zama ajalinta. Kada a ɗura masa ruwa a baki, zai iya bi ta hanyar iska. Kada a ba shi farasitamol ko ragowar maganin kaji da ƙiyasi, kuma kada a shafa masa mai, domin gashin da ya jiƙe da mai ba ya riƙe ɗumi.

Daga nan sai likitan dabbobi, a ranar. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai kuma na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. A tafi da takardar da ya yi kashi a kanta, da samfurin abincinsa, da hoton kejin a waya, a kuma faɗi ko an yi feshi a gidan kwanan nan. Hoton ƙashi yana nuna ƙwai, ko karaya, ko ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Macen da aka ba kalsiyam da ɗumi ta saki ƙwan, sau da yawa ƙafafunta na dawowa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, karayar ƙaramin tsuntsu kuma takan haɗe cikin mako uku ko kusa da haka idan an ɗaure ta daidai.

Idan kuwa tsuntsaye da yawa suka kwanta lokaci guda, ko ana samun mace-mace, ko wuya na karkacewa, to batun ya wuce gida ɗaya. Cutar Niyukasil da murar tsuntsaye duk suna taɓa jijiyoyi. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce ke gwajin irin waɗannan cututtuka. A sanar da jami'in dabbobi mafi kusa, a wanke hannu da sabulu, a nisanta kejin daga kajin gida.

Ba kowace ƙafa ke dawowa ba. Tsuntsun da ya rage da ƙafa ɗaya yana iya rayuwa har ya ci gaba da kuka, idan aka sa masa ɗan faffaɗan katako ƙasa-ƙasa a madadin sanda, ana sauya shimfiɗa kullum, ana goge masa kashin da ya manne a gindi da ruwan ɗumi don kada mafitar ta toshe. Wanda ya daina ci, ƙirjinsa ya rame har ƙashin ya fito, a tattauna da likita kan yadda za a sauƙaƙa masa wahala. Sauran da ke keji kuma a gyara musu abinci tun yau: ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka, dafaffen ƙwai sau biyu ko uku a mako, ganyen zogale ko latas da aka wanke, da hantsin safe na ɗan lokaci a waje, tare da inuwa a gefe ɗaya na kejin.