Jidda Ba Kasuwa Kaɗai Ba Ce, Uwargida

Uwargida, in aka tambaye ki me kika gani a Jidda, me za ki ce? Yawancinmu amsar ɗaya ce: filin jirgi, kasuwar Bab Sharif, sai wurin awon kaya. Ni kaina sau biyu ina zuwa Umara ina kwana a garin, ban san komai nasa ba sai shagunan abaya da na gwal. A zuwa na uku ne ɗiyata ta tambaye ni ta ina alhazai suke shigowa tun kafin a yi jirgin sama. Na yi shiru, kunya ta kama ni. Washegari muka jingine sayen tsaraba, muka shiga gari.

Tun zamanin Halifa Usman bin Affan (RA), wajen shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka. Kakanninmu da suka tafi Hajji a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, wasu su shekara biyu wasu fiye a hanya suna tsayawa neman guzuri, da yawansu ta Suwakin suka ƙetare Bahar Maliya, a nan suka fara taka ƙasa mai tsarki. Wannan kaɗai ya isa ki tsaya da yaranki ku dubi garin da idon basira.

Ki fara da tsohon gari, wanda suke kira Al-Balad. Da ganuwa gare shi kamar Kano, aka rushe ta a 1947, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Gidajensa benaye ne, hawa uku, huɗu, har biyar, da aka gina da duwatsun murjani na teku. Abin da ya fi ɗaukar hankalina tagoginsu ne, waɗanda ake ce wa rawashin. Katako ne aka sassaƙa da ƙananan ramuka, ya turo waje kamar ɗan ƙaramin ɗaki. Iska tana shiga ta sanyaya gida, matar gida tana zaune tana ganin duk abin da ke wucewa a titi, na waje kuwa ba ya ganinta. Na daɗe a tsaye ina tunanin gidajenmu na yanzu, da muke toshe taga da labule mai kauri mu zauna cikin zafi, alhali ga mutanen da sun haɗa sutura da shan iska a wuri guda.

Kada ki wuce Baitu Nasif, gidan da aka kammala a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Matakalarsa faɗi gare ta, ana cewa raƙumi kan hau da kaya har sama. Bishiyar da ke ƙofar gidan kuwa darbejiya ce, irin tamu, yara suna gani suka gane ta. Daga nan ki ratsa kasuwar Alawi ki sha ƙamshin turare da kayan yaji, ki yi salla a Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a garin.

Za ki ji direbobi suna tallar kai ki kabarin Nana Hauwa'u. Akwai maƙabarta mai wannan suna, har wasu na cewa daga nan garin ya samo sunansa, tunda jadda kaka ce da Larabci. Amma zance ne na baka, babu ingantaccen nassi a kansa, kuma tuni aka shafe alamar kabarin. Ki riƙe riyal ɗinki.

Da rana Jidda zafi ne da gumi, saboda haka bakin teku sai bayan la'asar. Ki ɗauki tabarma da ruwan shayi kamar yadda iyalan garin suke yi. Akwai Masallacin Rahma da aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa, idan teku ya cika sai ki ce yawo yake a kai. Da magariba kuma ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985, tana feso ruwan teku sama da mita 250. Masu ƙananan yara su leƙa gidan kifaye na Fakieh. Ana biyan kuɗin shiga, amma bai kai kuɗin abaya ɗaya mai kyau ba.

In da sauran yini guda, ki lallaɓi maigida ku tafi Ɗa'ifa, tafiyar awa biyu da ɗoriya a mota. Garin yana kan duwatsu, sama da mita 1,800, hanyar Hada kuwa kwana-kwana ce, mai jin jiri ta zauna gaba. Birai na nan gefen titi, kada a bar yara su miƙa musu abinci da hannu. A can ne aka jefi Manzon Allah (SAW) har ƙafafunsa suka yi jini, ya ƙi yarda a halaka mutanen garin. Sau nawa na ba ɗiyata wannan labari a gida, amma sai da ta ga duwatsun ta yi kuka. Akwai Masallacin Abdullahi bin Abbas (RA), da gonakin wardi da ake tsinka wajen Maris da Afrilu.

Bizar Umara ta ba ki damar wannan tafiya, ta Hajji kuwa iyakarta Makka da Madina da Jidda. In kuna da niyyar wata Umarar a dawowa, a mikatin Ƙarnul Manazil za ku ɗaura harami. Ki tafi wa yara da rigunan sanyi, domin da yamma iskar can ba irin ta Jidda ba ce.