Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Masa Yoyo

Sau nawa matasa ɗauke da takardu suka yi sallama a ƙofar gidanku, suka ce sun zo jin ra'ayin jama'a, maigida ya leƙo daga zaure ya ce, "Mu dai ba mu da abin cewa, Allah ya ba da sa'a"? An sallame su cikin mutunci, amma an tafka asara.

Muradun ƙarni guda 8 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa wa'adin 2015, ƙwararru ne suka zauna a ofis suka tsara su, kuma an yi ta ƙorafin cewa an yi wa talaka aski ba ya nan. Da lokacin sabunta su ya zo, sai aka buɗe wata ƙuri'ar jin ra'ayi mai suna MY World. Abubuwa 16 aka jera, aka ce kowa ya zaɓi 6 da suka fi damunsa. Kafin ƙarshen 2014 sama da mutum miliyan 7 daga ƙasashe 194 sun amsa, akasarinsu a takarda, ba ta intanet ba. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan ƙuri'u, har masu yi wa ƙasa hidima sun shiga ƙauyuka da takardun. Ilimi mai inganci ne ya zo na ɗaya, kiwon lafiya ya bi masa, ga aikin yi, ga gwamnati mai gaskiya da sauraron jama'a. A lokacin Amina Mohammed ce ke ba Babban Sakataren Majalisar, Ban Ki-moon, shawara kan wannan aiki, kuma a watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 suka amince da sababbin muradu 17 da za a bi zuwa 2030.

Kada a ɗauka duk abin da jama'a suka zaɓa shi aka rubuta. Sauyin yanayi shi ya zo kurar baya a ƙuri'ar, amma ya samu gurbi na 13 a muradun. Ra'ayinka shawara ce, ba umarni ba. Sai dai wanda ya yi shiru, ko shawarar ma ba shi da ita.

Yanzu abin ya wuce takarda. UNICEF na tura tambayoyi ta saƙon waya a shirinta na U-Report, wanda ya fara a Yuganda a 2011. A Kamfala kuwa an gwada na'urar da ke sauraron shirye-shiryen rediyo na kiran waya, tana tace abin da mutane ke kuka da shi. Amma kwamfuta wanda ya yi magana kaɗai take ji. Matar da ba ta da waya, makiyayin da ke daji inda babu sabis, tsohon da bai iya boko ba, duk ba sa cikin lissafinta. Mu ma muna ƙara ɓata lissafin da hannunmu. Wani ya ƙara yawan 'ya'yansa don yana zaton tallafi za a raba, wani ya rage don tsoron haraji ko bakin mutane. Wani kuma matarsa ake tambaya game da awon ciki, shi ne ke amsawa daga bakin ƙofa. Da irin wannan ake gina asibiti inda rijiya ake nema.

'Yan damfara kuma sun shiga rigar masu jin ra'ayi. Za ka ga saƙo a WhatsApp da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, wai ka amsa tambayoyi ka tura wa mutum goma, za a ba ka tallafi. Mai jin ra'ayi na gaskiya ba ruwansa da BVN ɗinka, ko lambar sirrin katin cirar kuɗinka, ko lambobin da banki ya turo maka a waya, kuma ba ya karɓar kuɗin fom. In ya zo gida, nemi katin shaidarsa, ka tambayi mai unguwa ko ya san da zuwansa. In ka gamsu, shimfiɗa masa tabarma, ka faɗi gaskiyar halin da kuke ciki, ka kuma bar uwargida ta amsa nata da bakinta.