Ribavirin, Jabun Harafin da Ke Ruɗa Cutar Lassa

Da zarar an gama girbi, duk wanda ya bi hanyar Kontagora zuwa Tungan Magajiya zai ga shanyar masara da rogo a bakin titi. Da dare ɓera ya hau ya ci rabonsa, ya bar fitsari da kashi. Ta nan zazzaɓin Lassa ke shigowa gida, musamman da rani, in an cinna wa daji wuta ɓeraye sun kwararo cikin gari.

A garin Lassa na Borno aka fara gane cutar a 1969. Maganin da aka fi ba masu ita, ribavirin, a Amurka aka harhaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma dabararsa abar mamaki ce. Ƙwayar cutar tana ɗauke da wani rubutu da masana ke kira RNA, mai haruffa huɗu kacal, kuma sai ta kwafe shi take hayayyafa. Shi ribavirin kama yake da ɗaya daga cikin haruffan, kamar dai jabun kuɗi a hannun mai shago da magariba. Ƙwayar ta karɓa ta jera shi, kwafin ya cika da kurakurai, 'ya'yanta su fito nakasassu. Ban da haka yana rage mata harafin na gaskiya a cikin jiki. 

Sai dai kada a ɗauka sha-yanzu-magani-yanzu ne. Binciken da aka yi a Saliyo, aka wallafa a 1986, ya nuna amfaninsa ya fi yawa idan an fara shi cikin kwana shida na farko, kuma har yau masana na jayayya kan ƙarfin wannan hujja. Yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma iya illata ɗan tayi, don haka likita ne kaɗai zai auna.

Kwana shidan nan kuwa mu a kemis muke cinye su, yau allurar maleriya, gobe ƙwayar taifot, jibi jiƙo. In zazzaɓi ya kwana uku bai ji maganin maleriya ba, ga ciwon maƙogwaro da amai, a kai mutum asibiti a ɗebi jininsa, mai jinya kuma kada ya taɓa aman da hannu tsirara.