Yadda ake haska duhu a fim ɗin ban tsoro

Ɗaliban fim da yawa kan kashe fitilu don su samu duhu. Sai dai kyamara ba ta gani kamar ido: idan haske ya yi ƙaranci, hoto yakan fito da ɗigo-ɗigo, fuskoki su dushe.

Dabarar ita ce a kafa fitila ɗaya mai ƙarfi a gefe ko a bayan ɗan wasa, a bar rabin fuskarsa cikin inuwa. Idan aka haska fuska daga ƙasa, inuwar hanci takan juya sama, abin da ido bai saba gani ba, shi ya sa yake tayar da hankali. Baƙin ƙyalle ko kwali kuma yana tare hasken da ke watsuwa kan bango.

Jamusawa sun yi fice a wannan salo: a fim ɗin Nosferatu na 1922, inuwar dodon ce aka nuna tana hawa bene.

Ana so hasken ya samu dalili a labarin, kamar tocila, kyandir ko farin wata. A ɗauki hoton da isasshen haske, a ƙara duhun wajen tacewa a kwamfuta.