Yadda ake auna tasirin mai binciken cututtuka

A 1996 sanƙarau ya yi wa arewacin Najeriya mummunar ɓarna. Bayan shekara huɗu, Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka wallafa rahoton annobar a wata mujallar likitanci ta Ingila: mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu. Duk mai binciken da ya kafa hujja da wannan takarda a nasa rubutun, ana ƙirga mata ambato guda.

Da wannan ƙirge ake auna masani. A 2005 Jorge Hirsch, wani masanin kimiyya a Amurka, ya fito da ma'aunin h: mai lamba 20 yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Google Scholar da Scopus na lissafa shi, kuma kowane ɗalibi a Tudun Wada, Minna, na iya duba lambar malaminsa na Jami'ar Fasaha ta Tarayya a wayarsa.

Sai dai ma'aunin na da son kai. Cutar da masu kuɗi ke tsoro tana tara masu bincike, ambato ya yi ta hauhawa; ciwon talaka kuwa 'yan kaɗan ke rubutu a kansa. Misali, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, ƙwararre kan cututtuka masu yaɗuwa, ya daɗe yana nazarin saran maciji, matsalar da sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.