Gargaɗi: Kada Ku Biya Kuɗin Tsohuwar Landiroba Sai Kun Leƙa Ƙarƙashinta

Jama'ar Sabon Birni da Isa, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka a Tsibiri da Maraɗi, don Allah duk wanda aka yi wa tallar tsohuwar motar Ingila, Land Rover ce ko ƙaramar motar gudu irin MG, kada ya miƙa ko sisi sai ya ga lambar shasi da idonsa a jikin ƙarfe. Takarda ana iya buga ta a ko'ina. Farantin lambar da ke cikin mota kuwa 'yan kusoshi ne ke riƙe da shi, ana cire na wata a manna wa wata.

Tun da masana'antar Land Rover da ke Solihull ta daina ƙera tsohon samfurin Defender a Janairun 2016, waɗannan motoci suka yi daraja a Turai da Amurka, masu sauya lamba kuma suka samu abin yi. Dokar Amurka kan shigo da motoci ta fi sauƙi ga motar da ta cika shekara 25, shi ya sa ake ɗora lambar tsohuwa a kan sabuwa. A 2014 hukumomin ƙasar sun ƙwace Land Rover da dama bisa wannan zargi. A wajenmu yawanci akasin haka ake yi, a rage wa tsohuwa shekaru, ko a ɓoye ta sata a bayan lambar wadda ta mutu.

Ku je da bakanikenku, ban da wanda dillali ya kawo. In Landiroba ce, ya kwanta ta gaba, ɓangaren dama, wajen da sifirin ke haɗe da shasi, ya goge laka da tsatsa da burushin waya. Nan aka buga lambar. Ya shafa wurin da yatsa: in ƙarfen ya yi santsi fiye da na kewayensa, ko akwai tabon walda, ko sabon baƙin fenti a wurin kaɗai, ko haruffan sun karkace, to an taɓa. Lambar nan dole ta yi daidai da ta faranti da ta takardar kwastan, harafi da harafi. Kada ƙyallin jiki ya ruɗe ku. Jikin Landiroba alminiyon ne, ba ya tsatsa, amma shasinta ƙarfe ne, kuma shi ke ruɓewa a ɓoye kamar azarar da gara ta ci.

Motar da kanta tana faɗin shekarunta. Landiroba samfurin Series III, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985, ragar gabanta ta roba ce, agogunanta kuma suna gaban direba, alhali na waɗanda suka gabace ta suna tsakiya. Sifirin mai naɗi ya shigo wannan layi ne a 1983, sunan Defender kuma sai 1990. Lamba mai haruffa 17 da ke farawa da SAL ta farkon shekarun 1980 ce zuwa sama, don haka wanda ya nuna muku ita a kan motar da ya ce ta 1965 ce, ƙarya yake yi. Haka MGB, da aka yi daga 1962 zuwa 1980: baƙar bamba ta roba ta zo a 1974, kuma ana sauya ta da ta ƙarfe don motar ta yi kama da ta farko. Gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila yana riƙe da rajistar masana'antun nan, yana kuma bayar da shaidar ranar ƙira ga wanda ya aika lamba ya biya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin da yankinmu ke ciki. Shingayen jami'an tsaro sun cika hanyoyinmu saboda 'yan bindiga, kuma wanda aka tare da motar da aka goge lambarta shi zai amsa tambaya, dillali ya daɗe da tafiya. Ku tuna kuma a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka takardar da ta ce mota ta shigo ta Illela bayan wannan lokaci sai an kai ta ofishin kwastan a Sakkwato an tantance. Mai sitiyari a dama ma ku yi hattara, domin tun 1972 Najeriya ta sauya hannun tuƙi.

In mai sayarwa ya ce ana sauri, ko ya hana a ɗaga mota, ku tashi ku bar masa kayarsa. In kun riga kun saya kuma lambobin sun saɓa, ku kai rahoto wajen 'yan sanda da kanku, tare da shaidun ciniki, kafin ku sake hawa hanya da ita.